Gugguru a Ƙashin Auta

Litinin, 4 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na dawo ga littafin nan ne don ba wanda zan yi wa magana a gidan nan bai ce tsufa ne ba.

Auta ta zo da mijinta da rana. Wata biyu ke nan kafaɗarta ta dama na ciwo. In ta ɗaga hannu za ta sauko da yadi daga kan kantar shagonta, sai ta ji kamar an soka mata allura. Sun je asibiti an yi mata hoto. Ba su zo da fim ba, yanzu ba a ba da fim. Mijin nata, wanda kowa ke ce wa Injiniya don yana gyaran janareto, shi ya ɗauko hoton da wayarsa daga fuskar kwamfutar likita, a karkace, da inuwar kansa a ciki. Ya miƙo mini wayar duk maiƙo. Shekara talatin da ɗaya na yi ina ɗaukar hoton ƙashi, ban taɓa bari yatsa ya sauka a fuskar fim ba. Yau ga ƙashin 'yata a ƙarƙashin shatin baƙin mai.

Na gani tun kafin ya buɗa hoton da yatsunsa. A saman ƙashin damtse, ƙasa kaɗan da kan kafaɗa, a tsakiyar ɓargo. Farare-farare a dunƙule.

"Baba, likita ta ce ƙari ne," in ji Injiniya. "Ƙari a cikin ƙashi. Kai me ka gani?"

Na ce hoton a karkace yake.

Talata, 5 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Bari in rubuta abin da na sani, ko don in ga ko kan nawa yana nan.

Ƙashin yaro da guringuntsi yake farawa. Yana girma yana taurara, amma wani lokaci akan bar ɗan guntu a cikin ɓargo, kamar yadda magini kan manta tsumma a cikin bango. Guntun ya zauna, ya ɗan yi girma, ya tsaya. Hasken na'ura ratsa guringuntsi yake yi ya wuce, shi ya sa a yatsa rami kawai za ka gani, baƙi, mai tsabtataccen gefe, ƙashin ya ɗan kumbura ya yi siriri kamar ɓawon ƙwai. A dogon ƙashi kuwa, cinya ko damtse, in abin ya daɗe sai wani abu mai kama da alli ya taru a gefen kowane curi. Shi ke fitowa fari: ɗigo-ɗigo, zobe-zobe, rabin zobe. Malaminmu ya ce mu riƙe shi da gugguru, kamar an watsa cikin tafin hannu guda a cikin ƙashi.

Marar illa abu huɗu gare shi. Yana tsakiya. Gefensa a tsare. Bai gaigayi bangon ƙashi daga ciki ba, in ma ya taɓa, kaɗan. Ba abin da ya fasa ya fito cikin tsoka, ba sabon ƙashi da ya yi ɓawo ta waje.

Amma yana da ɗan'uwa, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma riga ɗaya suke sawa. Shi ma da gugguru yake farawa. Bambancin shi ne ba ya tsayawa. Hoto ɗaya kuwa ba ya gaya maka ko abu yana girma. Sai biyu, da shekaru a tsakaninsu.

Ni na zo na ɗaya a ajinmu a wannan darasi. Ga ni nan ina rubuta shi a littafin da jikata ta bar rabinsa da lissafi.

Laraba, 6 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Yana tsakiya. Gefensa a tsare. Bangon ban iya gani ba a hoton Auta, inuwar kan Injiniya ta rufe shi.

Juma'a, 8 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Gidan ya cika da masu dubiya, alhali mai ciwon tana shagonta tana ɗinki. Injiniya ya aika wa duk dangi hoton. Wayar ta zaga tsakar gida hannu zuwa hannu kamar kwanon sha, kowa ya leƙa ya tsotsi haƙori. Wata ta riƙe ta kai a ƙasa ta ce ai ga bakin abin nan ma a buɗe. Wani ya ce maƙwabcinsa haka aka gani, wata huɗu ya yi. Ya faɗa yana tauna. Mutane suna son ciwon wani kamar yadda ƙuda ke son gyambo, ba ƙiyayya ba ce, abinci ne.

Da suka watse uwar yara ta tsaya a ƙofar ɗakina tana goge hannu da zane.

"Malam, kai da ka san abin, ka yi magana mana. Ka zauna kamar an dasa ka."

"An hana ni magana shekara goma sha biyar ke nan."

"Waɗanda suka hana ka rabinsu suna ƙasa."

Ta juya za ta tafi, sai ta tsaya.

"Ko kuwa dai ka bari," ta ce. "Ka taɓa yin maganar ai."

Ba da mugunta ta faɗa ba. Da ma da mugunta ne.

Asabar, 9 ga wata, ƙarfe goma na safe

Na kira Auta a waya na tambaye ta ko ciwon yana tashinta daga barci, ko yana nan ko ba ta motsa hannun ba. Wannan tambaya ta fi hoto nauyi. Mugun ba ruwansa da motsi, kwance ko zaune yana cinki. Ta ce sai in ta kwanta a kai. Sai kuma ta ce, "Wani lokaci dai." Sai kuma ta ce tana da masu jira.

Litinin, 11 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Na bi su asibitin. Rabona da ƙofar nan tun ranar da aka kore ni na fita da kwalin kayana. Sun yi wa gaban fenti, bayan yana nan da warinsa, fitsari da maganin wanke ƙasa suna kokawa ba wanda ya kā da wani. Ɗakin duhuna, inda nake wanke fim, sun mayar da shi wurin ajiye bokitai.

Likitar yarinya ce, ba ta kai Auta ba. Na shiga da niyyar raina ta, ta hana ni. Ta juyo mana da kwamfutar, ta nuna abin da bayan biro, ba da yatsa ba. Yanzu na ga bangon. Ta gefen waje akwai ɗan wurin da ya yi siriri, kaɗan, kamar ɓera ya ɗanɗana ya fasa. Tsawon abin, yadda ta auna, milimita talatin da biyu.

Ta ce a ganinta mai yiwuwa marar illa ne, amma akwai ciwo, ciwo kuwa ba a wasa da shi. Babbar na'urar da za ta nuna cikinsa, wadda ake tura mutum cikinta kamar burodi a tanda, ta lalace tun bara, ba ranar gyara. Don haka shugabanta ya ce a buɗe, a kankare, a aika a duba. An sa rana, ashirin da bakwai ga wata.

Auta ta ce, "Likita, hannun da nake yanka da shi ne."

Likitar ba ta yi mata ƙarya ba. Ta ce wata uku ba ɗaga hannu, mai yiwuwa fiye. Ta ce akwai jijiyar da ta zagaye wurin, za a kiyaye ta, amma ba ta yi alkawari. Kafaɗa kuma in aka buɗe ta, ba kowace ke komawa yadda take ba.

Injiniya ya ce, "A cire kawai, Likita. Abin da ya lalace a inji ba a lallashinsa."

Likitar ta dube shi, ta dubi Auta. "Ba a taɓa yi miki hoton wannan kafaɗa ba? Ko da daɗewa? In akwai tsohon hoto, kuma abin yana nan yadda yake, ba zan taɓa ki ba."

Auta ta ce ta taɓa karya ƙashin nan da ya ratso daga wuya zuwa kafaɗa tana 'yar shekara goma sha bakwai, ta faɗo daga tsani. Babanta ne ma ya ɗauki hoton.

Duk suka juyo.

Na ce shekara goma sha shida, wa zai ajiye.

Litinin ɗin, ƙarfe bakwai na yamma

Ni na ajiye.

Laraba, 13 ga wata, ƙarfe uku na rana

Na koma asibitin ni kaɗai, ta ƙofar baya. Ba hoton Auta na je nema ba, shi bai taɓa shiga ma'ajiyarsu ba. Na wata na je nema. Ina so in sake ganinsa, in ga ko akwai abin da ya kamata idona ya kama.

Dogo yana nan, mai kula da fayil tun zamaninmu, ya rankwafa har sunan ya zama zolaya. Ya miƙe ya kama hannuna da hannu biyu.

"Oga, kana raye ashe. Mu mun ɗauka ka riga mu."

"Ina jiran ka share hanya."

Na gaya masa shekarar da lambar kantar da fim ɗin yake. Har lambar ina tune da ita. Ya yi dariya, haƙori uku.

"Wane fim? Oga, an sayar da su tun shekara shida. Mota biyu aka cika. Wai akwai azurfa a jikinsu, ana jiƙa su a wanke a tace."

Aikin shekara talatin da ɗaya. Kowane na tsayar da mai shi, na ce ja numfashi, riƙe, saki. Kowane na sa harafin dalma a kusurwa, dama ko hagu, na buga suna da kwanan wata. Yanzu wata tana can da ƙashin cinyar mutane a kunnenta, an mayar da shi ɗan kunnen azurfa.

Dogo ya rage murya. "Na malamar nan kake nema ko? Mai cinya."

Na ce wace malama.

"Haba Oga. Ni na kai fayil ɗin gaban kwamiti. Ba laifinka ba ne kai kaɗai, ita ma da ta jira likita..."

Na ce ina da wurin zuwa. Ya biyo ni har ƙofa yana cewa in gaida gida.

Alhamis, 14 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Mai ɗaukar hoto ba ya karanta hoto. Yana ɗauka, ya wanke, ya shanya, ya miƙa. In mai ciwo ya tambaya, amsa ɗaya ce: likita zai gaya maka. Na koya wa sababbin ma'aikata wannan ya fi sau ɗari.

Malamar makaranta ce. Ta buge gwiwa, aka aiko ta. Likitan ranar bai zo ba, layi har waje, tana da aji na jiranta. Ta ga fuskata lokacin da na ɗora fim a akwatin haske, ta ce, "Malam, don Allah, mene ne?" Yana tsakiya. Gefensa a tsare. Gugguru kamar na cikin littafi. Na fi likitan ranar sanin abin, kowa ya san na fi shi, ni ma na sani, abin da ya kashe ni ke nan. Na ce mata ba komai ba ne, ta tafi ajinta.

Ta dawo bayan shekara biyu. A kan gado aka turo ta.

Sauran ba na rubutawa.

A watan da ta dawo ne Auta ta faɗo daga tsani.

Asabar, 16 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Can ƙasa na ajiye hoton Auta, a tsakiyar ɓatattun fina-finai kamar arba'in da na kwaso lokacin da aka kore ni, waɗanda suka yi duhu ko mai su ya motsa. Takardun shaidata suna nan, asu ya ci kusurwar ta farko. Farar rigata tana nan ta zama ruwan ƙasa. Fina-finan babu.

Na kira uwar yara.

"Waɗannan baƙaƙen ledojin? Ai na ba Auta tun lokacin da ta buɗe shago."

"Kika ba ta."

"Ta ce sun fi kwali, ba sa lanƙwashewa, almakashi kuma na cin su. Samfurin wuyan riga take yankawa da su. Shekara nawa suna kwance suna tara kyankyaso? Kai ko buɗe akwatin ba ka yi."

Na tambaye ta ko ta san abin da ke ciki. Ta ce ƙasusuwan mutanen da ba ta sani ba, kuma ta gaji da kwana a kansu.

Lahadi, 17 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Saura kwana goma a buɗe ta.

Litinin, 18 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Shagon Auta taki huɗu ne a taki uku. Keke biyu, teburin yanka, madubi mai tsagewa a kusurwa. A jikin ƙusa bayan ƙofa ga su nan a rataye da zare, an huda kowane: samfurin wuya zagaye, wuya mai kusurwa, aljihu, bakin hannu. Duk baƙaƙe. Ta rubuta lamba a kan kowane da farin fenti.

Tana yanka da hannun dama, gwiwar hannun a manne da haƙarƙari don kada kafaɗar ta motsa. Na ga yadda take cije leɓe in almakashi ya kai ƙarshen yadi.

"Baba, lafiya? Kai da ka ce shagona warin sitaci yake."

Na ce ina so in duba ledojin nan. Na tsaya a bakin ƙofa ina ɗaga su ɗaya-ɗaya ga rana. Rabin ƙirjin wani. Ƙafar wani da aka yanke wa yatsu da almakashi. Ƙashin baya an mayar da shi aljihu.

Na goma sha tara. Samfurin wuya mai faɗi, lamba bakwai. Kusurwar da na buga suna da kwanan wata ta tafi, harafin dalma ya tafi, kan kafaɗar an ɗebe rabinsa. Amma a gefen yankan ga karayar Auta nan, a karkace kamar an karya rake. A ƙasa kuma, tazarar yatsa ɗaya daga inda almakashinta ya bi, ga guggurun nan zaune. Da ta karkata hannu kaɗan ranar, da shi ke nan.

Shekara nawa tana ɗora ƙashinta a kan yadin mutane tana zagaye shi da alli.

Na ce zan ari wannan. Ta ce lamba bakwai ce aka fi nema, in dawo mata da ita kafin Alhamis. Ba ta tambaye ni dalili ba. Tana da mai jira.

Talata, 19 ga wata, ƙarfe tara na safe

Na wanke shi da ruwa da auduga, na manna a gilashin taga, na ɗauko rular ƙarfe.

Talatin.

Na sake. Talatin. Na cire tabarau na goge na sake. Talatin, ko talatin da rabi in na yi wa kaina kirki.

Na likita talatin da biyu.

Inuwa ce muke aunawa, ba ƙashi ba. Ka ɗaga hannu gaban fitila, ka matsar da shi kaɗan daga bango, inuwar ta ƙaru. Ranar da na ɗauka Auta tana kuka, ba ta iya jingina da kyau, ban san tazarar da ke tsakanin kafaɗarta da fim ba. Na yanzu ma ban san yadda suka tsayar da ita ba, yaran nan da ke danna maɓalli suna hira. Milimita biyu na iya zama tsayuwa. Na iya zama juya hannu. Na iya zama girma.

Siririn wurin nan na bango kuwa, a tsohon hoton ina ganinsa, sai kuma ba na ganinsa.

Likitar tana da mutum sittin a layi. In na miƙa mata na ce iri ɗaya ne, na auna, za ta ɗaga ta duba da ido ta yarda. Ido ba ya kama milimita biyu. Auta ta tsira da hannunta.

Haka na ce wa waccan ma, don ta tsira da ajinta.

Laraba, 20 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Yana tsakiya. Gefensa a tsare. Talatin. Talatin da biyu. Abinci ya koma yadda aka kawo shi.

Alhamis, 21 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Auta ta zo karɓar lamba bakwai da kanta. Ta same shi a manne a taga, rana na ratsa shi. Ta tsaya ta daɗe. Ba ta yi karatun hoto ba, amma sati biyu ke nan ana cusa mata wannan gugguru a waya.

"Wannan nawa ne."

Na ce nata ne.

"Ka ce wa zai ajiye."

Ta juyo daga tagar.

"Baba, ranar da ka ɗauka, ka gan shi?"

"Na gan shi."

"Ka gaya wa likita?"

"Ban kai masa wannan ba. Na sake ɗaukar wani, na matse hasken a kan karayar kaɗai. Shi na kai."

Ta zauna a bakin gadona, abin da ba ta yi ba tun tana yarinya. Uwarta tana tsaye a ƙofa, ban san tun yaushe ba.

"Don me?"

Na ce a watan ne aka yanke ƙafar wata a kan irinsa, kuma ni ne sanadi. Na ce da na nuna, da sun buɗe ki a ranar don tsoro, da kuma na ce ba komai, bakina ya riga ya kashe mutum. Sai na zaɓi kada in ce komai.

"Shekara goma sha shida," ta ce. "Na yi aure da shi, na haihu uku da shi. Kullum ka gan ni sai ka ce in daina ɗaukar kaya da dama, na ɗauka tsegumin tsufa ne." Ta yi wata dariya da ba ta da daɗin ji. "Ka ɓoye shi a ƙarƙashin gado, kamar in ba a gani ba ba zai girma ba. Kai da ka yi boko."

Uwar yara ta ce, "Ke, ubanki ne."

"Na sani, Inna. Da wani ne ai da sauƙi."

Ta tafi ba ta ɗauki lamba bakwai ba.

Asabar, 23 ga wata, ƙarfe goma na safe

Injiniya ya kira. Ya ce Baba ai komai ya wuce, shi ma ya taɓa ɓoye wa mai janareto cewa ya ƙona masa wayar cikin injin. Na katse kiran.

Litinin, 25 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Auta ta yarda na bi su, amma a mota ba ta dube ni ba.

Babu akwatin haske ko ɗaya a asibitin yanzu. Likitar ta karɓi samfurin wuyan riga mai lamba bakwai da farin fenti, ta juya shi, ta dube ni.

"Baba, ba suna, ba rana."

"Na sani. Da ni aka kawo wa, kwandon shara zan jefa shi. Amma dubi karayar."

Ta je taga ta ɗaga shi, ta dawo ta buɗe sabon hoton. A nan ƙashin ya haɗe ya bar ƙulli, daidai wurin, daidai karkatar. Ta je taga ta dawo sau uku. Sai fuskarta ta saki.

"Nata ne. Kuma a ido iri ɗaya ne. Shekara goma sha shida bai motsa ba."

Injiniya ya fara godiya. Auta ta rufe ido.

Na ce, "Likita, na auna. Talatin ne. Naki talatin da biyu."

Injiniya ya ce, "Haba Baba, ana gyara kana kwancewa."

Na ciro rular daga aljihu na miƙa mata. Na gaya mata yadda yarinyar ta tsaya ranar, cewa ba ta jingina ba, cewa ban rubuta tazara ba, cewa siririn bangon nan ban iya rantsewa yana tsohon hoton ko babu. Na ce ni mai ɗauka ne, karatu nata ne.

Ta auna da kanta a jikin taga. Ta ɗauki fim ɗin ta fita wurin shugabanta. Minti arba'in muna zaune, Injiniya na danna waya.

Da ta dawo ta ce an ɗage aikin, ba a soke ba. Milimita biyu a shekara goma sha shida, a na'ura biyu daban, bai isa a buɗe kafaɗar mutum ba, bai kuma isa a manta da ita ba. Za su yi mata allura a jijiyar kafaɗa. In ciwon ya tafi, to ba daga ƙashin yake ba. Bayan wata uku a sake hoto, a na'ura ɗaya, a tsayuwa ɗaya, da ma'auni a manne a fata. In ya ƙaru ko da kaɗan, ko ciwon ya ƙi tafiya, za a buɗe. Ta sa lamba bakwai a cikin fayil ɗin Auta.

A ƙofa ta ce mini, "Baba, da ba ka faɗa ba, da shekara guda zan ce ta dawo."

Ban san ko yabo ne ba. Ban tambaya ba.

Alhamis, 28 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Jiya ne da an buɗe ta.

Na je shagon. An yi allurar shekaranjiya, ta ce da sauƙi, amma ta ce da sauƙi ne irin yadda ake ce wa baƙo. Tana ɗinki ba ta ɗago ba. Na zauna a kujerar masu jira, a tsakanin wata mai son a rage mata ƙugu da wata mai son a ƙara.

Da suka tafi ta tsayar da keken.

"Baba, ba likita a nan, ba kwamiti. Ni da kai ne. Wannan abin, mai lafiya ne ko mugun ne?"

Duk abin da na karanta yana bakina. Yana tsakiya, gefensa a tsare, shekara goma sha shida. A cikin ɗari, casa'in da wani abu marar illa ne. Ta zuba mini ido irin yadda waccan ta zuba.

Na ce, "Ban sani ba."

Ta daɗe tana kallona. Sai ta gyaɗa kai, ta jawo wani kwalin takalmi daga ƙarƙashin tebur, ta ɗora almakashi a kai ta turo mini.

"To ka salwantar mini da lamba bakwai, ina da wuya huɗu kafin Asabar. Yanka mini wani."

Na yi awa guda a kai. Ta ɗaga, ta juya shi, ta ce bai yi ba, in dawo gobe.